DARASIN JAGORANCI DAGA GONAR GAYYA

A wani zama da ya yi da matasa a garin Funtua, mai jawabi ya ɗauko bayaninsa ne daga gayya, wato aikin gona na taron dangi wanda aka sani tun kaka da kakanni a ƙasashen Bakori, Danja, Ƙafur da Malumfashi. Ya ce duk ɗan uwan da aka ɗora wa shugabancin ko da mutum biyar ne, a gareji ko shagon ɗinki, to akwai abin koyo gare shi a nan.

Ya bayyana cewa gayya tana da nizaminta wanda ba a rubuta ba, amma kowa ya san shi. Mai gona zai sanar tun da kwanaki, a yi sammako, a jeru a bakin gona kowa da kunyarsa, a soma tare. Makaɗin noma yana biye da su yana kiran kowane saurayi da sunansa da na ubansa, sai ka ga wanda ya fara sanyi ya zabura. Idan hantsi ya dubi ludayi a ajiye fartanya a lokaci guda, a kewaye ƙwaryar fura ɗaya, ɗan mai kuɗi da ɗan talaka. Ya ce ba furar ce ke ɗaga aikin ba, a'a, zaman ne, domin a nan ake jin wane ne matarsa ba lafiya, wane ne gonarsa ke neman ɗauki.

Inda ya fi tsayawa shi ne kan jagora. Ya ce wanda ke gaban gayya ba ya zama a inuwa yana nuni da sanda. Kunyarsa yake kamawa kamar kowa, kuma da ma ƙwazonsa ne ya kai shi gaba. Shi ya sa in ya ce a ƙara himma ba mai jin haushi.

Ya ci gaba da cewa abubuwa sun sauya, musamman tun shirin bunƙasa noma na Funtua da aka fara a 1975 da tallafin Bankin Duniya. Takin zamani ya yawaita, daga baya maganin feshi ya rage noman hannu, ƙwadago ya ci wurin gayya a wurare da yawa. Ba laifi ba ne biyan lada, in ji shi, amma ɗan ƙwadago rana yake kallo, ba gona ba.

Ya kawo misalin ƙasar Japan, inda kamfanoni da yawa ke buɗe aiki da ɗan gajeren taron safe, manya da ƙanana a tsaye wuri ɗaya.

Don haka ya shawarci masu yara a ƙarƙashinsu da su tsayar da abin da za su iya dawwama a kai: gaisawa da kowa da sunansa kafin a taɓa aiki, cin abincin rana a kwano ɗaya, da zama ranar Alhamis a ji koken kowa. Ya ja kunne cewa in maigida ya fara fashin zaman, ko ya mai da shi wurin faɗa da tonon silili, yaran za su riƙa zuwa da jikinsu kawai, kuma da kaka ta yi za su nemi wani ubangidan.