Yawon Sallah da Jarrabawa

Matashi a Kano ba ya rasa wurin zuwa da Sallah: kallon Hawan Daushe a Ƙofar Kudu, washegari Hawan Nassarawa, ko gidan zoo, inda layin shiga kaɗai ya isa ya cinye rabin yini. Sai dai Sallah kan matso da kusan kwana 11 kowace shekara, yanzu ta faɗo cikin bazara, lokacin jarrabawar JAMB da WAEC. Yaron da ke burin karatun likita a Jami'ar Bayero ya shiga tsaka mai wuya: abokai na kira, littafi na jira, ga zafi ba wuta. A ganina, iyaye su bar shi ya fita yini guda. Wanda aka kulle a ɗaki, hankalinsa na wajen dawakai.