FAƊIN FILI DA DABARAR WASA: ABIN DA ARSENAL TA GANI A BIRNIN LANDAN



An nemi mu ce wani abu a kan wasanni, sai muka zaɓi ƙwallon ƙafa da filin da ake buga ta. Kada wani ya yi mamakin abin da ya haɗa tsohon hedimasta da ƙwallo. A kwalejin horon malamai ta zamaninmu ana koya wa ɗalibi auna fili da igiya da zuba layi da toka, kamar yadda ake koya masa riƙe alli. Misalin da za mu ɗauka kuwa shi ne ƙungiyar Arsenal ta Ingila, domin mun san a wannan zaure akwai magoya bayanta da yawa tun lokacin da Nwankwo Kanu ya koma can a 1999.

Bari mu fara da awo. Dokar ƙwallo ba ta tsayar da girman fili guda ɗaya ba. A wasannin ƙasa da ƙasa tsawo yana kamawa daga mita 100 zuwa 110, faɗi kuma daga mita 64 zuwa 75, amma galibin manyan filayen yau mita 105 ne da 68. Tsohon filin Arsenal, wato Highbury, inda ta zauna daga 1913 zuwa 2006, kimanin mita 100 ne da 67, yana cikin ƙananan filaye na manyan ƙungiyoyin Ingila. In aka yi lissafi, bambancinsa da filin zamani ya kusa fuloti guda na ƙafa 50 da 100. A ido wannan ba wani abu ba ne, amma a wurin mai horar da 'yan wasa babban al'amari ne.

Dalili shi ne, duk dabarar ƙwallo a kan sarari take. Wanda ke riƙe da ƙwallo yana son fili ya buɗe, wanda ba ya riƙe da ita yana son fili ya tsuke. A ƙaramin fili 'yan baya huɗu suna iya toshe faɗin gaba ɗaya ba tare da sun bar ƙofa a tsakaninsu ba. Haka George Graham ya yi a ƙarshen shekarun 1980 da Dixon da Adams da Bould da Winterburn: su tako gaba a layi ɗaya kamar sahu, su bar ɗan gaban abokan karawa cikin satar gida, a tashi wasa ɗaya da nema. Da Arsene Wenger ya zo a 1996 sai ya yi amfani da ƙanƙantar filin ta wata fuskar. Tunda tazarar raga zuwa raga gajera ce, da zarar Vieira ya ƙwace ƙwallo a tsakiya, bugu uku ko huɗu sun isa a kai ta gaban mai tsaron gida. Henry ya zame hagu ya haɗu da Pires da Ashley Cole, Bergkamp ya ja baya kaɗan yana rarraba ƙwallo. Da wannan tsari suka buga wasa 38 na gasar Firimiya a kakar 2003 zuwa 2004 ba a doke su ko sau ɗaya ba: nasara 26, kunnen doki 12.

To me ya sa aka bar gidan da ake cin nasara a cikinsa? Kuɗi ne. Bayan turmutsutsun filin Hillsborough na 1989, wanda ya yi sanadin mutuwar magoya bayan Liverpool 97, an wajabta wa manyan ƙungiyoyi su sa wa kowane ɗan kallo kujera. Highbury da ya taɓa ɗaukar mutum fiye da 73,000 a 1935 ya koma ɗaukar 38,000 da 'yan kai, alhali filin Manchester United ya haura 67,000 a shekarar 2000. Kowane wasa ana barin dubban masu son sayen tikiti a waje. Faɗaɗawa kuma ba ta yiwuwa: gidajen mutane sun kewaye filin, maƙwabta ba su yarda a rushe musu ba, sannan rumfar gabas tana cikin gine-ginen tarihi da doka ta hana taɓawa.

Sun gwada aron gida. A kakar 1998 da ta 1999 sun kai wasanninsu na gasar zakarun Turai tsohon filin Wembley. 'Yan kallo sun haura 70,000, kuɗi ya shigo, amma sau biyu ana fitar da su tun a zagayen rukuni. Lens ta ci su a can, Barcelona ta zuba musu huɗu, Fiorentina ta ƙarasa. A ganinmu ba ƙarfin baƙin kaɗai ba ne: ƙungiyar da ta saba da ɗaki ce aka fitar da ita tsakar gida, ƙofofin da take toshewa suka yi mata yawa.

Neman wurin sabon gini shi ne ya fi ɗaukar hankalinmu. An yi maganar sayen Wembley ɗin, an duba wajen tashar jirgin ƙasa ta King's Cross, an kuma yi tunanin fita bayan gari inda ƙasa ke da araha. Amma ƙungiyar ƙwallo ba masana'anta ba ce da za a ɗauke ta a kai ko'ina. Mutanen unguwa su ne jarinta. A 1999 aka tsayar da shawara a kan Ashburton Grove, kimanin rabin kilomita daga Highbury. Wurin ba fili ba ne a sarari. Ƙananan masana'antu ne da wurin tara sharar unguwa. Sai da ƙungiyar ta biya masu sana'o'i aka tashe su, wasu bayan shari'a, ta kuma gina wa hukuma sabon wurin tara shara a wani gefen. Majalisar unguwar Islington ta amince a Disamba 2001, aka kama gini a 2004, aka buɗe filin Emirates a Yuli 2006, mai ɗaukar mutum kusan 60,000. Aikin ya ci fam miliyan 390. Shekara bakwai ke nan ana fafutikar tafiyar da yaro zai yi da ƙafa cikin minti goma. Highbury kuwa an mayar da shi gidajen kwana, inda ake buga ƙwallo ya zama lambu.

Sabon filin mita 105 ne da 68, kuma wasu sun ɗora wa wannan faɗin laifin abin da ya biyo baya. Mu ba mu tsaya nan ba. Abin da ya sauya wasan Arsenal bashi ne. An ranto fam miliyan 260 daga bankuna, har sunan filin aka sayar wa kamfanin jirgin sama. Mai bashi a ka ba ya gasar saye da attajirai, don haka Wenger ya koma ɗauko yara yana renonsu, manya kuma suna tafiya: Henry a 2007, Fabregas da Nasri a 2011, Van Persie a 2012. Ƙarfafan 'yan tsakiya suka ƙare, aka koma cika tsakiya da 'yan wasa masu ƙaramin jiki da gwanintar ba-ni-in-ba-ka. Wasa ya yi daɗin kallo, amma daga kofin ƙalubale na 2005 ba su sake ɗaga babban kofi ba sai 2014. Waɗanda suka sha zolaya a gidajen kallo a waɗannan shekaru tara suna nan zaune, ba sai mun kira suna ba.

Ba Landan kaɗai ba ce. Ƙungiyar New York City ta Amurka ta fara wasa a 2015 a filin aro wanda aka gina don wani wasan daban, inda faɗin da ya samu bai wuce yadi 70 ba, kuma sai a 2024 majalisar birnin ta amince mata da wurin gina nata.

Yanzu mu dawo gida. Ku da ke zaune a birane kun ga yadda filayen da kuka buga ƙwallo a cikinsu suka koma shaguna da gidajen mai. Garinmu ma ya kama wannan hanya. Filayen makarantun firamare da aka yanka da faɗi a lokacin shirin ilimi kyauta na 1976 suna ta tsukewa. Yau a gina aji a kusurwa, gobe a jera shaguna a jikin katanga. Yaron da ya tashi yana wasa a lungu yakan iya yanka da riƙe ƙwallo, amma ranar da aka kai shi cikakken fili ba ya sanin inda zai tsaya, kuma numfashinsa ba ya kai shi minti casa'in. Mun sha ganin haka a gasar makarantu.

Filin wasa kaɗai, mita 105 da 68, ya ɗara fuloti goma sha biyar. In za a kewaye shi da hanyar tsere da wurin zaman 'yan kallo da na ajiye motoci, a lissafinmu kada a nemi abin da ya gaza hekta uku. Ba mu ce a fara gini bana ba, kuma ba mu ba da shawarar cin bashi ba. Abin da muke roƙo shi ne a kama ƙasar tun tana gona. A zaɓi wurin da yaro zai iya zuwa da ƙafa bayan la'asar, wanda ruwa ba ya kwanciya a cikinsa da damina, a kuma shimfiɗa tsawonsa kudu da arewa domin kada ranar yamma ta riƙa dukan idon mai tsaron gida. A biya masu gonaki diyyarsu a gaban shaidu. Sannan a bi dokar mallakar ƙasa ta 1978: in wurin yana cikin yankin da aka ayyana a matsayin birni, takardar daga gwamna take fitowa, in ba haka ba, daga ƙaramar hukuma. A rubuta ta da sunan amintattun ƙungiya, ba da sunan mutum ɗaya ba, a kafa duwatsun iyaka, a dasa darbejiya a kewaye.

Muna roƙon shugaba ya naɗa mutum biyar yau, cikinsu da mai ilimin safiyo da lauya daga 'ya'yanmu na birni, su zaga da Mai Unguwa su kawo wa kwamiti wurare biyu kafin a fara sharar gona.