Kogon Ƙanƙara a Gindin Dutsen Wuta

A jihar New Mexico ta Amurka, kusa da garin Grants, akwai dutsen Bandera, wanda ya yi aman wuta kimanin shekara 10,000 da suka shuɗe, ya bar wawakeken rami mai zurfin ƙafa kusan 800. Amma abin al'ajabi, bisa ƙudurar Mahalicci, shi ne hanyar da narkakken dutse ya ratsa a ƙarƙashin ƙasa ita ce ta zama kogon da ƙanƙara ba ta gushewa ko da bazara, domin iskar hunturu takan sauka ta kwanta, duwatsu kuma su kāre ta daga rana. Ƙanƙarar ma koriya ce, saboda gansakukar cikinta. Wanda Allah ya nufa da ziyara, ya riƙi rigar sanyi.