Ɗaurin Talala da Awon Fitsari: Labarin Wata Kotu a Hawai



Duk makiyayi ya san talala, watau doguwar igiyar nan da akan ɗaure dabba da ita, ta yi kiwo, ta zaga, amma ba ta wuce inda igiyar ta ƙare. Wannan suna ya dace da hukuncin da alƙali kan yanke wa mai laifi, ya bar shi ya koma gida maimakon kurkuku, bisa waɗansu sharuɗɗa, wani ma'aikaci yana sa masa ido. A Amurka akan jingina asalin abin ga wani mai ɗinkin takalma na birnin Boston, John Augustus, wanda a 1841 ya tsaya wa wani mashayi a gaban kotu, ya tafi da shi, bayan mako uku ya komo da shi ya natsu. A Nijeriya ma dokar gidajen gyaran hali ta 2019 ta kafa sashen hukuncin da ba na kurkuku ba. Saboda haka tambayar da ke gaban wannan taro ba ta nesa ba ce: in wanda aka yi wa talala ya karya sharaɗi, musamman sharaɗin barin ƙwaya, me ya kamata a yi masa?

Wanda ya ba da amsar da ta fi shahara wani alƙali ne na birnin Honolulu a jihar Hawai ta Amurka, Steven Alm. Da ya kama sauraron manyan laifuffuka a 2004, sai ya tarar da abin mamaki. Akan faɗa wa mai laifi ranar da za a auna fitsarinsa tun da sauran lokaci. In an sami ƙwaya a jikinsa, sai ma'aikaci ya yi masa faɗa, ya sallame shi. Haka na biyu, haka na uku, har wajen sau goma ko fiye. Sa'an nan, ran da haƙurin ma'aikaci ya ƙare, sai a kai takarda kotu a nemi a soke talalar, a ɗaure mutum shekara biyar ko goma. Wannan daidai yake da uban da ɗansa ke ɓarna yana kau da kai shekara guda, rana ɗaya ya tashi ya kore shi daga gida. Yaro bai koyi kome ba, sai dai ya ɗauka hukunci sa'a ce.

Ba sabon tunani Alm ya zo da shi ba. Tun 1764 masanin nan na Italiya, Cesare Beccaria, ya nuna cewa tabbacin hukunci da saurinsa sun fi tsananinsa hana laifi. Abin da Alm ya yi shi ne ya mai da wannan magana aikin yau da kullum. A watan Oktoba na 2004 ya tara mutum 34 a kotunsa, ya yi musu gargaɗi baki da baki, shirin da aka sa wa suna HOPE ya soma.

Ga yadda yake tafiya a wancan lokaci. Kowa akan ba shi launi. Da safe sai ya buga waya ya ji launin da aka kira. In nasa ne, lalle ya je awo ran nan. Da farko yakan kai sau shida a wata, in mutum ya daɗe da tsabta sai a riƙa ragewa. In awo ya nuna ƙwaya, nan take za a tsare shi, cikin kwana uku a kan kai shi gaban alƙali, a ba shi 'yan kwanaki a kurkuku, ya fito ya ci gaba da talalarsa. Hukuncin kuwa hawa-hawa ne. Wanda ya zo da ƙafarsa ya amsa laifinsa, kwanakinsa kaɗan ne. Wanda ya musa har aka tabbatar, ya fi shi daɗewa. Wanda ya gudu sai da 'yan sanda suka kamo shi, shi ne ya fi kowa. Watau gaskiya ma tana da lada a cikin tsarin.

A 2009 Angela Hawken da Mark Kleiman suka fitar da sakamakon bincikensu kan mutum 493, waɗanda aka raba kashi biyu ta hanyar ƙuri'a. Cikin shekara guda, an sāke kama 21 cikin ɗari na 'yan HOPE, alhali na ɗaya ɓangaren 47 ne. Waɗanda awo ya kama 13 cikin ɗari ne, a kan 46. Kwanakin kurkukun da aka yanke musu ma kusan rabi ne na sauran. Nan da nan jihohi da yawa suka kwaikwaya.

To, amma ba a nan labarin ya tsaya ba, ko da yake masu son shirin sun fi so a tsaya nan. Gwamnatin tarayya ta Amurka ta biya aka gwada shi a gundumomi huɗu, a jihohin Akansas, Masacuset, Oregon da Teksas, da mutum sama da 1,500. Da Pamela Lattimore da abokan aikinta suka bayyana sakamako a 2016, sai aka ga ba wani bambanci na a-zo-a-gani wajen sāke kamawa, kuɗi kuma bai ragu ba, duk da cewa an bi ƙa'idodin shirin gwargwadon hali.

An yi ta muhawara a kan dalili. Waɗansu suka ce talalar waɗannan gundumomi dama ba ta lalace kamar ta Honolulu ba, don haka gyara bai fito fili ba. Waɗansu suka ce ana iya kwafe takardar ƙa'ida, amma ba a kwafe alƙalin da ya san mutanensa da suna, suka yarda yana son su gyaru. Wannan magana ta biyu tana da ƙarfi. Akwai kuma abin da kwalbar awo ba ta iya faɗa. Tabar wiwi takan yi makonni a fitsarin wanda ya saba da ita, hodar iblis kuwa cikin 'yan kwanaki ta ɓace, saboda haka awo yakan fi kama mai ƙaramar illa. Kwana biyu a kurkuku ba kome ba ne a takarda, amma ga lebura yana iya zama ƙarshen aikinsa. Wanda kuma jikinsa ya riga ya kamu, tsoron kurkuku ba ya tsai da rawar jiki da amai in ya rasa ƙwayar.

A nan ne wani ɓangare na aikin Alm, wanda ba a cika ambata ba, ya cancanci a duba shi. Bai tilasta wa kowa zuwa asibiti tun farko ba. Wanda gargaɗi da awo suka ishe shi, an bar shi ya ci gaba da sana'arsa. Wanda ya nemi magani da kansa, ko wanda awo ya kama sau da yawa, shi aka tura gidan jiyya, guraben da ba su da yawa suka tafi ga masu bukatarsu.