'Yarki Tana Son Lissafi, Tana Gudun Fiziks?

Wadda ke bakin murhu ta ɗan ƙaro muryar rediyon, mai tankaɗe kuma ta jawo shi kusa, don maganar yau ta 'ya'yanmu ce.

Wata baiwar Allah ce ta aiko mana da wasiƙa, ta ce ƙaninta ne ya rubuta mata. 'Yarta tana aji ɗaya na babbar sakandare, ɓangaren kimiyya. A lissafi ba ta da na biyu a ajinsu, amma ta dawo hutu da kuka, wai a cire ta daga darasin fiziks, ko littafin ba ta son gani. Uwar ta ce, "Ni ban yi boko ba, ban san ma mene ne fiziks ɗin ba. Maigida ya ce a bar ta ta sauya aji, ni kuwa burina ta zama likita. Yaya zan yi?"

'Yar uwa, wallahi labarina kika bayar.

Innata ba ta fita, amma daga cikin ɗaki take sayar da man gyaɗa da ƙuliƙuli, ita ce kuma uwar adashin unguwarmu. Tun ina firamare ni ke riƙe mata lissafi: mudu nawa aka soya, kwalba nawa ya fita, wa ta yi zubi, kwasar wa ce ranar Juma'a. Saboda haka da na je sakandare aka ce a nemo x, ban ji baƙon abu ba. A wurina x ɗin nan kuɗin da wata ta ci bashi ne ba ta faɗa ba, sai an bi sawu an gano shi. Daɗin lissafi shi ne ba ya son kai. In kin samu amsa za ki iya mayar da ita ki gwada da kanki, ki san kin ci tun malam bai duba ba. Biro da takarda kawai yake nema.

Fiziks fa? Malaminmu zai shigo ya ba mu baya, ya cika allo da rubutu, mu kwafa, a buga ƙararrawa. Ɗakin gwaje-gwaje kullum da kwaɗo, sai jarrabawa ta matso ake buɗe shi. Tambayoyin littafi kuwa, wani mutum ne yana sulu a kan ƙanƙara, ko yana cikin na'urar hawa bene, abubuwan da ko a mafarki ban taɓa gani ba. Sannan a ce, a ɗauka babu iska. Na ce wace irin duniya ce wannan? Ga shi in kin rubuta 20 ba ki sa mita ko kilo a gefe ba, an zabge miki maki, alhali lissafinki daidai ne.

Ranar da na yanke ƙauna ita ce ranar da aka ba mu zare da ɗan ƙarfe muna lilo da shi, mu auna ƙarfin da ƙasa ke jawo abu da shi. Littafi ya ce 9.8, mu muka samu 11 da ɗoriya. Na sake, na samu wani abu daban. Sai na goge na rubuta na littafin. Ba wanda ya gaya mini cewa duk awon da hannun ɗan Adam ya yi sai an samu ɗan kuskure, kuma sanin girman kuskuren ma yana cikin karatun. Ni da na saba da amsa guda ɗaya tak, sai na ɗauka darasin ne maƙaryaci.

Da sakamakonmu ya fito a 1991, na ci A1 a lissafi, na kwashi F9 a fiziks. Na zama malamar lissafi, kuma alhamdu lillahi ina son aikina. Amma ranar da na kai Inna asibiti, ta zauna gaban likita namiji ta kasa faɗin abin da ke damunta don kunya, muka dawo gida da maganin da ba na ciwon ba, ranar na tuna F9 ɗin nan.

To, ga abin da ya kamata ki sani kafin a yanke magana. Duk mai son karatun likita, a jarrabawar JAMB sai ta rubuta Turanci da fiziks da kemistiri da bayoloji, kuma sai ta samu kiredit a fiziks a WAEC ko NECO. Karatun jinya ma ana neman kiredit ɗin, haka injiniya. Yarinya 'yar shekara 15 in ta ajiye shi yau saboda haushin malami, ta rufe waɗannan ƙofofi ke nan ba ta sani ba.

Kin ce ba ki san fiziks ba. Kin san shi, sunan ne baƙo. Ilmin zafi da sanyi ne, da nauyi, da motsi, da haske, da sauti, da wutar lantarki. Me ya sa ruwan randa ya fi na bokitin roba sanyi? Jikin randa yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, ruwa na tsattsafowa ta nan, iska ta busar da shi, in zai bushe kuma sai ya tafi da zafin na ciki. Da wannan sanin ne wani malami a Jigawa, marigayi Mohammed Bah Abba, ya sa ƙaramar tukunya cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Yalon da ke lalacewa a kwana 3 sai ga shi yana kai kwana 27. A shekarar 2000 aka ba shi lambar yabo ta Rolex a kan wannan aiki. Da a ce da randa aka fara mini darasin zafi, da ban gudu ba.

Tunda 'yarki mai son ƙirga ce, ta nan za ki kamo ta. In damina ta zo, aka yi walƙiya, ku ƙirga daƙiƙa nawa kafin ku ji tsawa. Haske yana isowa nan take, sauti kuwa yana cin kamar mita 340 a daƙiƙa ɗaya, wato duk daƙiƙa 3 kusan kilomita ɗaya ke nan. Ki ce ta faɗa miki nisan hadarin. Ko ta ɗaura dutse a zare mai tsawon mita ɗaya, ta rataya a ƙofar ɗaki: zuwa da dawowa kusan daƙiƙa 2 ne. Ta sa dutsen da ya fi nauyi ta gani ko zai sauya. Ba zan faɗa muku amsar ba. In kuma kina dafa wake, tambaye ta ko ƙarin itace zai sa ruwan da ya riga ya tafasa ya ƙara zafi. Wannan kam zan faɗa, don itace ya yi tsada: ba zai ƙara ba, sai dai ruwan ya yi saurin ƙonewa.

Sannan ki zaunar da ita, ba da faɗa ba, ki tambaye ta ainihin abin da ta tsana. Malamin ne? Turancin tambayoyin ne ke ɗaure mata kai? Ko ba ta taɓa riƙe kayan gwajin ba ne? Kowanne da maganinsa, wani ma wata yayarta da ta wuce ajin za ta iya warware mata shi cikin hutu ɗaya. Don Allah kada a ce mata abin na maza ne. Wadda ta iya lissafi ta riga ta ɗauke rabin kayan.

Maigida kuma, ki same shi lokacin da ya huta, ki roƙe shi a ba ta zango ɗaya ko biyu tukuna. In ta yi iya yinta zuciyarta ta ƙi, to kada ki mai da burinki ya zame mata dutse a ka. Akwai aikin akanta, akwai ilmin ƙididdiga, akwai tattalin arziki, ga koyarwa irin tawa, duk masu lissafi suke nema.

Ki sa ƙanin naki ya sake rubuto mana bayan jarrabawar zango mai zuwa, mu ji yadda ta kaya, a haɗo mana da amsar dutsen nan. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A gaida yara, a huta lafiya.