ƊUMI KAƊAI BA YA RAINON ƊAN TSAKO



Da aka nemi in yi magana a kan sana'ar da ɗan gari mazaunin birni zai iya riƙewa a bayan gidansa, sai na zaɓi kiwon kaji. Batun jari da kasuwa zan bar wa waɗanda suka fi ni saninsu. Ni zan tsaya ne a kan makonni 6 na farkon rayuwar ɗan tsako, lokacin da yake cikin ɗakin ɗumi, in kuma taƙaita a kan abu guda da yawancinmu ba mu kula da shi ba, wato abin da ɗan tsako zai yi da bakinsa da ƙafafunsa bayan ya ci ya ƙoshi.

A shekarar da na fara kiwo, na sayi kwali biyu na masu ƙwai, 'yan tsaki 100 ke nan. Na tanadi kurfoti da gawayi da fitila, na yi rigakafin Gumboro da Lasota a kan lokaci. Amma a mako na huɗu sai na fara tarar da wasunsu an fige musu gashin wutsiya, wasu har jini na zuba. Da zarar sun ga ja a jikin ɗaya, sai su yi masa taron dangi. Na zargi abinci, na zargi mai ƙyanƙyasa, har kambun baka sai da na zarga. Ana cikin haka mahaifiyata ta zo ganin jikoki. Ta leƙa ɗakin, ta yi shiru, sannan ta ce: "Kai kuwa, ba ƙasar tono, ba iccen hawa, me kake so su yi in ba su ci junansu ba?" Daga baya na tarar cewa abin da masana suka rubuta bai wuce abin da ta faɗa ba.

Abin da uwa ke bayarwa

Kowa a zauren nan ya tashi yana ganin kazar gida da 'ya'yanta. Bayan kwana 21 na kwanci, takan fito da su, ta tona juji ta kira su, ta nuna musu gara da tsakin dawa. Da rana ta yi birgima cikin toka su kwaikwaye ta. In shaho ya gilma, ko sanyi ya taso, su shige ƙarƙashin fukafukanta. Idan suka yi ƙwari, sai su bi ta su hau katanga ko reshe su kwana.

Wannan hali gado ne. Asalin kazar gida wata kazar daji ce da har yanzu ke rayuwa a dazuzzukan Indiya da kudu maso gabashin Asiya, wadda ke ƙare yawancin yininta tana tono da caccakar ƙasa, da dare kuma ta hau bishiya. Ɗan tsakon da aka ƙyanƙyashe da inji bai taɓa ganin uwa ba, amma da wannan gado ya zo. Mu da muka saye shi, ɗumin uwar kawai muke maye masa, mu bar shi da sauran buƙatun. Bakin da aka halitta don caccakar ƙasa, in bai sami abin caccaka ba, gashin ɗan uwansa zai koma wa. Cunkoso da zafi da hasken fitila mai ƙarfi da ƙarancin sinadarin gina jiki a abinci duk suna ƙara wa wannan ɗabi'a ƙarfi, don haka sai a duba su gaba ɗaya.

Shimfiɗa da wurin birgima

Kafin komai a gyara ɗumi. A makon farko ana son digiri 32 zuwa 35 a ma'aunin Selshiyos daidai tsayin ɗan tsako, a riƙa rage kimanin digiri 3 kowane mako. Wanda ba shi da ma'auni ya dubi 'yan tsakin: in sun dunƙule kusa da wuta, sanyi suke ji, in sun guje ta suna haki, zafi ya yi yawa. Mai amfani da gawayi ya bar mashigar iska ko da lokacin hunturu ne, domin iskar da gawayi ke fitarwa a rufaffen ɗaki tana kisa.

Bayan wannan sai shimfiɗa. A zuba ɓuntun shinkafa ko dusar katako mai kauri, zurfin santimita 5 zuwa 10, busasshe. A kwanakin farko a rufe shi da takarda mai kaushi, a barbaɗa abinci a kai don su koyi ci, amma a ɗauke ta bayan kwana 3 ko 4. Leda ko duk wani abu mai santsi yana sa ƙafafun ɗan tsako su warware, ya kasa tsayuwa.

Daga mako na biyu a kawo faranti ko tsohon tire, a zuba yashi mai tsabta wanda aka shanya a rana, a haɗa da ɗan tokar itace. Za ku ga sun kwanta suna watsa shi a jikinsu. Wannan birgima tana gyara gashi, tana kuma rage ƙwarƙwata. A lokacin ne za a iya rataya ganyen zogale ko alayyahu ko kabeji daidai tsayin kansu, su yi ta tsalle suna tsinka. Sai dai ganye ƙari ne kawai, kada ya hana su cin abincinsu, kuma sai an ba su ƙananan tsakuwa da za su taimaka wajen niƙa shi. A guji zare mai silili, domin yana naɗe ƙafa ko harshe. Kwalin da suka zo a ciki ma, in aka kife shi aka yanka masa ƙofofi, ya zama mafaka mai duhu inda wanda ya gaji zai shiga ya huta, kamar ƙarƙashin fiffiken uwa.

Sandar hawa

Wannan ita ce aka fi mantawa da ita, alhali ba ta cin ko kwabo. Tun suna da kwana 7 zuwa 10 'yan tsaki ke fara ƙoƙarin ɗarewa kan mazubin abinci da na ruwa, su ɓata su da kashi. Alama ce ta cewa lokacin sanda ya yi. A samo gora ko reshen darbejiya mai kaurin babban yatsa, a ɓare ɓawonsa domin ƙwari na ɓuya a ciki, a wanke a shanya. A ɗora shi a kan bulo ko guntun katako, tsayin yatsu biyu ko uku daga ƙasa, a kafe shi kada ya mirgina. A riƙa ɗaga shi sannu a hankali, ya kai kamar taƙi guda a mako na huɗu. Kada a sa shi bisa abinci ko ruwa, ko dab da wuta, kuma a guji bututun roba ko ƙarfe saboda santsi. Kajin nama suna da nauyi, don haka su a yi musu ɗan dandamali mai faɗi kusa da ƙasa.

Amfanin wannan sai an jima ake ganinsa. Hawa da sauka suna ƙarfafa ƙashi da tsoka, suna kuma koya wa ɗan tsako auna tsalle. Wani bincike da aka yi a gonakin kaji na ƙasar Suwidin, aka buga a 1999, ya gano cewa kajin da suka sami sandar hawa tun ba su wuce mako 4 ba sun fi ƙarancin saka ƙwai a ƙasa, sun kuma fi ƙarancin caccakar duburar juna. Kazar da ba ta koyi hawa tana ƙarama ba takan sha wuyar hawa wurin saka ƙwai, sai ta ajiye shi a ƙasa ya ɓaci ko ya fashe. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Tarayyar Turai ma ta kafa doka a 1999, wadda daga 2012 ta hana kiwon masu ƙwai a keji wanda ba shi da sanda da wurin tono, ta wajabta santimita 15 na sanda ga kowace kaza.

Gargaɗi ɗaya nake da shi. Tun da murar tsuntsaye ta ɓulla a Jihar Kaduna a farkon 2006, mun san hatsarin kashin tsuntsayen daji. Kada a ɗebo yashi ko reshe daga inda tantabaru ko kajin unguwa ke kwana, kuma duk abin da zai shiga ɗakin 'yan tsaki a tsabtace shi tukuna.

Kammalawa

'Yan uwa, da yawa daga cikinmu kuɗin sallama ko na adashi muke zubawa a wannan kiwo, wasu kuma mun saya wa ƙanne da iyaye mata 'yan tsaki don su dogara da kansu. Kaza mai ƙwai sai ta kai kimanin wata 5 tana cin aljihunka kafin ka ga ƙwanta na farko. Abin takaici ne a yi wannan ɗawainiya, a rasa ribarta saboda reshe ɗaya da farantin yashi. Duk wanda zai aika wa wani da kwalin 'yan tsaki, ya haɗa masa da wannan bayani. Wanda kuma ya je gida hutu, ya zauna ya kalli kazar tsakar gida da 'ya'yanta na yini guda, domin duk abin da na faɗa yau a wurinta aka koyo shi.