Lissafin Kwanakin Ciki: Jawabi Ga Magidanta Da Iyaye Mata A Taron Ƙungiya

  

Maganarmu ta yau magana ce mai kunya, amma ba a kunya wajen neman sani. Mu nan Sabo yawancinmu matafiya ne. Wani ya bi motar goro zuwa Kano ko Sakkwato, wani ya tafi sayen shanu, sai ya yi wata biyu ko uku bai kwana gida ba. In ya dawo uwargida ta samu rabo, ta je awo, sai ya karɓi kati ya ga an rubuta sati 12, alhali sati 10 ke nan da dawowarsa. Daga nan shaiɗan ya samu ƙofa, aure ya fara rawa, kuma matar nan ba ta da laifin komai.

To jama'a, ga yadda abin yake. Likita ba ya ƙirga daga ranar da ciki ya shiga, domin ba mai ganin ranar. Yana farawa ne daga ranar farko ta jinin al'ada na ƙarshe. Daga nan zuwa haihuwa kwana 280 ne, wato sati 40. Macen da al'adarta ke zagayowa duk kwana 28, ƙwanta yakan fito wajen kwana na 14. Ashe ke nan sati biyun farko na lissafin asibiti babu cikin ma tukuna. In kati ya ce sati 12, cikin ya shiga wajen sati 10 da suka wuce. Kun ga lissafin mutuminmu ya fita daidai.

Ga misali. Hajiya ta fara al'ada ran 10 ga Janairu. A ƙara kwana 14, ciki ya shiga wajen 24 ga Janairu. Ranar haihuwa kuwa, a ƙara kwana 7 a kan 10 ga wata, a ƙirga wata 9 gaba, ya kama 17 ga Oktoba. Masu bin watan Musulunci ma abin da sauƙi: daga shigar ciki zuwa haihuwa kwana 266 ne, daidai da wata 9 na sama. In al'ada ta zo farkon Muharram, ciki ya shiga tsakiyarsa, sai a sa ran haihuwa tsakiyar Shawwal.

Amma fa duk wannan kintace ne. Maniyyi yakan rayu a jikin mace har kwana 5, ƙwan kuma kamar yini da dare. Wadda al'adarta ke kai kwana 35, nata ƙwan sai wajen kwana na 21. Mai shayarwa tana iya ɗaukar ciki ba ta ga jini ba. Irin waɗannan, hoton ciki, wato sikanin, shi ne mafita. In an yi shi cikin wata ukun farko, kuskurensa bai cika wuce sati guda ba. In aka bari sai ciki ya tsufa, yana iya saɓawa da sati 3. Saboda haka kada a yanke wa mace hukunci da hoton wata takwas.

Malamanmu na nan zaune, in da gyara su gyara. A Islamiyya mun karanta cewa mafi ƙarancin ciki wata 6 ne: Suratul Ahƙaf ta haɗa ciki da yaye wata 30, Baƙara ta ce shayarwa shekara 2, saura 6. Ɗan da aka haifa bayan wata 6 da tarewa, shari'a ta ba mijin. Iddar mai ciki kuma sai ta haihu, don haka mai saki ya san halin da matarsa take ciki. Shi kuwa ƙazafi, Suratun Nur ta yanka masa bulala 80. Ba abin wasa ba ne.

Shawararmu uku ce. Na ɗaya, iyaye mata, a riƙa sa alama a kalanda ranar da jini ya fara, kamar yadda muke rubuta bashi a littafi. Na biyu, da an ga ɓatan wata a je awo, maigida ya ba da kuɗin mota da na hoto ba tare da ƙorafi ba. Na uku, masu kai mata gida Arewa haihuwa, a tashi da wuri, domin daga sati 37 naƙuda tana iya zuwa kowace rana, kuma hanyarmu doguwa ce. In an kai sati 41 shiru, a koma asibiti, kada a zauna.

In kati ya rikita ka, Alhaji, ɗauki uwargida ku je wurin nas ta yi muku bayani kafin ka buɗe baki a majalisa. Allah ya sauki matanmu lafiya, ya ba mu zuriya ta gari, ya zaunar da gidajenmu lafiya.